Shin Wawan Fage Jikan Wasan Shafa Baƙi Ne? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton mutumin nan mai fuska fara fat kamar an tsoma shi cikin gari, da jan hanci mulmulalle, da baki wanda aka zana ya kusa taɓa kunnuwa, da takalma da suka fi ƙarfin ƙafarsa, ya san wanda ake magana a kansa. Turawan Ingila suna kiransa kilawun. A nan za mu kira shi wawan fage, domin aikinsa ya yi kama da na wawan sarki, sai dai shi ba a fada yake ba, a filin sarkus yake, wato dandalin nan mai da'ira inda ake nuna gwanintar hawan doki da tafiya kan igiya da dabbobi masu horo. A 'yan shekarun nan an sha jin ana cewa siffarsa ta samo asali ne daga izgilin da Turawan Amurka suka daɗe suna yi wa baƙar fata. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Mene ne ainihin abin da ake zargi?

Masu zargin suna ajiye hotuna biyu gefe da gefe. Ɗaya na Bature ne na ƙarni na 19 wanda ya shafe fuskarsa da baƙi, ya zana leɓɓa manya-manya, ya ɗora hular gashi mai curi, ya sa farar safar hannu da riga wadda ba ta dace da jikinsa ba. Ɗayan kuwa na wawan fage ne na yau, mai babban baki, da gashi buzu-buzu, da safar hannu, da tufafi masu ban dariya. Sai su ce launin fuska kawai aka juya daga baƙi zuwa fari, amma komai yana nan yadda yake. Kamannin gaskiya ne, babu mai musun haka. Sai dai kama da wane ba ta wane, kuma kafin a yanke hukunci dole ne a bi kowace alama daban, a ga daga inda ta fito da lokacin da ta fito.

Mene ne wasan shafa baƙi, kuma yaushe ya fara?

Wasa ne da fararen fata suke ƙona toshiyar kwalba ta ɓawon itace, su kwaɓa baƙin da ruwa ko mai, su shafe fuska da shi, sannan su hau dandali suna kwaikwayon magana da rawa da waƙar bayi baƙaƙe ta hanyar da ke nuna su a matsayin ragwaye, wawaye, matsorata, masu farin ciki da bautarsu. Shafa baƙi a kan dandali ya girmi Amurka, domin tun 1768 an yi wani wasa a Landan inda Charles Dibdin ya fito a matsayin bawa mai suna Mungo. Amma a Amurka ne abin ya zama sana'a mai cin gashin kanta. Wajen 1830 wani ɗan wasa mai suna Thomas Dartmouth Rice ya fara fitowa da tsummokara yana rawa yana ɗingishi da sunan Jim Crow, ya burge birnin Niyok a 1832, ya ƙetara Landan a 1836. A watan Fabrairun 1843 wasu mutum huɗu suka haɗu a Niyok da sunan Virginia Minstrels, suka mai da abin cikakken shiri na dare guda, da banjo, wato abin kiɗa mai tsirkiya kamar gurmi, da goge da ƙasusuwan kaɗawa da bandiri.

Daga nan har tsawon shekaru da dama babu nishaɗin da ya kai shi farin jini a Amurka. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya rubuta a jaridarsa a 1848 cewa masu wannan sana'a su ne dattin al'ummar fararen fata, waɗanda suka saci launin da ba a halicce su da shi ba domin su sami kuɗi. Sunan Jim Crow kuwa shi ne daga baya ya zama laƙabin dokokin wariya da suka raba baƙi da fari a makarantu da jiragen ƙasa da wuraren cin abinci a kudancin ƙasar har zuwa shekarun 1960. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa wasan bai tsaya a dandali ba.

Tsakanin farar fuskar wawan fage da wasan shafa baƙi, wanne ya riga wani?

Farar fuska ce ta riga, kuma da tazara mai yawa. Tun ƙarni na 16 ƙungiyoyin 'yan wasan Italiya suke yawo a Turai da wasan barkwanci mai ɗauke da barori marasa wayo da masu wayon tsiya. Daga cikinsu aka sami Pierrot, wanda ya kafu a Faris tun ƙarni na 17, yana shafe fuskarsa da garin alkama. Ita kanta kalmar kilawun, da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, ma'anarta baƙauye ne, manomin da ya shigo birni bai san kan gari ba. Wanda ake yi wa dariya a asali ke nan: talakan ƙauyen Turai, ɗan'uwan masu kallon ne ta fuskar launi, amma na ƙasa da su ta fuskar matsayi.

Mutumin da ya tsara fuskar da muka sani shi ne Joseph Grimaldi, wanda aka haifa a Landan a 1778. A farkon shekarun 1800 ya fara shafe fuska da wuya da fari baki ɗaya, ya ɗiga ja a kumatu, ya faɗaɗa baki da jan fenti, ya sa hular gashi mai tukkaye. Wasansa na 1806 a gidan wasan Covent Garden ya sa sunansa ya cika Ingila, har yau kuma wawayen fage a can ana kiransu Joey saboda shi, kuma duk shekara a watan Fabrairu suna taruwa a wata majami'a a gabashin Landan da cikakkiyar kwalliyarsu domin tunawa da shi. Akwai dalili na aiki a bayan wannan kwalliya. Gidajen wasan lokacin suna ɗaukar dubban mutane, haskensu kuwa kyandir ne da fitilar mai, saboda haka wanda ke zaune can ƙarshe ba zai ga motsin baki ko gira ba sai an ƙara musu girma da launi. Jikin Grimaldi ya gaji ya bar aiki a shekarun 1820, wato kafin Rice ya fara rawarsa. Wanda ya ce babban jan bakin wawan fage kwafin leɓɓan Jim Crow ne, sai ya yi bayanin yadda ɗa ya riga ubansa zuwa duniya.

Jan hancin fa?

Wannan na Jamus ne, kuma ba shi da dangantaka da baƙar fata. Ya zo ne tare da wani nau'in wawa da ake kira Auguste, wanda ya bayyana a sarkus na birnin Barlin wajen 1870. Jamusawa suna kiran sakarai da suna "August wawa", kuma jan hanci a al'adarsu alama ce ta mashayi ko wanda sanyi ya buga. Shi ne mai faɗuwa, mai tuntuɓe da kafet, mai wando da ya yi masa yawa. Daga baya Albert Fratellini a Faris da Lou Jacobs, Bajamushen da ya yi aiki da sarkus na Ringling a Amurka, suka ƙara wa kwalliyar girma har ta zama wadda ake gani a hotunan bukin yara.

Idan haka ne, zargin ba shi da tushe ke nan?

Yana da tushe, sai dai a Amurka yake, ba a Landan ko Barlin ba. Sarkus na zamani Philip Astley ne ya kafa shi a Landan a 1768, ya isa birnin Filadalfiya a 1793. Da ya zauna a ƙasar da bauta ke cikin doka, sai ya ɗauki halin wurin. A shekarun 1820 zuwa 1840 waƙoƙin izgili ga baƙar fata sun zama abin da ake cike gibi da shi a fage yayin da ake sauya dawaki, kuma sau da yawa mutumin da ya fito da farar fuska a farkon shiri shi ne zai koma bayan labule ya fito da baƙa a ƙarshensa. George Washington Dixon, wanda ya yi suna da Zip Coon, wato siffar baƙon birni mai ƙaryar wayewa, a sarkus ya fara. Mutum huɗun nan da suka kafa Virginia Minstrels, Dan Emmett da Billy Whitlock da Dick Pelham da Frank Brower, duk tsofaffin ma'aikatan sarkus ne. Dan Rice, wanda ya zama wawan fage mafi shahara a Amurka a tsakiyar ƙarnin har ya nemi shugabancin ƙasa a 1868, ya yi waƙa da baƙar fuska a farkon sana'arsa. P. T. Barnum da kansa ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa wata rana mawaƙinsa ya gudu ya bar shi a jihar Karolina ta Kudu, sai ya shafa baƙi ya hau dandali ya yi waƙoƙin da kansa. Shi ne kuma mutumin da ya fara neman kuɗi a 1835 ta hanyar nuna wata tsohuwa baiwa makauniya mai suna Joice Heth, yana cewa shekarunta 161.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sana'o'i biyu da suka yi shekaru da dama suna kwana a tanti ɗaya, suna musayar ma'aikata da barkwanci da waƙoƙi, ba za a ce ɗaya ta fita ba tare da ƙurar ɗayar ba. Har tsarin musayar magana tsakanin shugaban fage mai ƙasaita da wawan da ke karkatar da kalmominsa yana da tagwai a wasan shafa baƙi, inda mutum mai kwat da wando yake zama a tsakiya, biyu kuma a gefe, Tambo da Bones, suna yi masa shaƙiyanci. Don haka amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce wawan fage ba a wasan shafa baƙi aka haife shi ba, amma reshensa na Amurka a gidan ya tashi.

Wane nau'in wawan fage ne ya fi ɗaukar wannan gado?

Ɗan gararamba, wato wawan nan mai yagaggen kwat, da gemun kwana uku da aka zana da baƙi, da farin zobe kewaye da baki, mai fuskar baƙin ciki. Daga cikin manyan nau'o'in wawan fage uku, wato mai farar fuska da Auguste da ɗan gararamba, shi kaɗai aka ƙirƙira a Amurka. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, da durƙushewar tattalin arziki ta 1873, dubban maza marasa aiki sun bazu suna laɓewa a taragon jiragen ƙasa daga gari zuwa gari, kuma dandali bai ɗauki lokaci ba ya mai da su abin dariya. Waɗanda masu tarihin sana'ar suka fi danganta farkon wannan siffa da su su ne James McIntyre da Tom Heath, fararen fata biyu da suka haɗu a 1874 suka yi kusan shekara hamsin suna wasa tare da baƙar fuska a matsayin 'yan yawo marasa ko sisi. W. C. Fields, wanda ya fara suna a matsayin ɗan gararamba mai wasa da ƙwallaye, ya yi aiki a cikin shirinsu a 1905.

Akwai bayani biyu a kan farin zoben da ke bakinsa. Su wawayen fage sukan ce hoton mutumin da hayaƙin kwal ya turnuƙe ne, wanda ya goge baki da idanu da bayan hannu. Masu nazarin tarihin wasan kwaikwayo kuwa suna nuna cewa farin baki a kan fuska mai duhu shi ne ainihin tsarin kwalliyar shafa baƙi, an dai rage baƙin ne ya tsaya a muƙamuƙi. Bayanan biyu ba sa kore juna, domin ɗan wasan da ya saba da tukunyar baƙin toshiya, idan aka ce ya zana ɗan jirgin kwal, hannunsa zai bi hanyar da ya sani. A ganina a nan ne zargin ya fi ƙarfi, kuma wanda ya musanta shi gaba ɗaya yana kare sana'a ne fiye da kare gaskiya. Amma kuma ya kamata a ce zuwa lokacin da Emmett Kelly ya shahara da Weary Willie a shekarun 1930, cikin matsin tattalin arzikin da ya jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, masu kallo ba baƙar fata suke gani a fuskarsa ba. Kansu suke gani, ko ubansu da aka kora daga masana'anta.

An ce Harlequin na Italiya baƙar fuska gare shi. Shi ma ba izgili ba ne?

Wannan tambaya ta fi wuya. Harlequin, ko Arlecchino a bakin Italiyawa, bara ne daga yankin Bergamo, kuma yana sa baƙin marufin fuska na fata. Mafi yawan masana suna danganta sunansa da baƙin nasa da Hellequin, wani shugaban aljanu a tatsuniyoyin Faransa na zamanin da, ƙullutun da ke goshin marufin kuma ana ɗaukarsa ragowar ƙahon shaiɗan. Amma a ƙarni na 18, lokacin da cinikin bayi ya kai ƙololuwa, Turawa sun fara karanta baƙin da wata ma'ana. A Landan an yi wasa mai suna Harlequin Mungo a ƙarshen shekarun 1780, da wani a 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta cinikin bayi, waɗanda a cikinsu bawa baƙi ne ake rikiɗarwa ya zama Harlequin. Masani Henry Louis Gates ya yi rubutu a kan wannan. Abin da za a iya cewa shi ne marufin bai fara a matsayin fuskar ɗan Afirka ba, amma an ɗora masa wannan ma'ana daga baya. Kuma wawan fage na yau ba daga Harlequin ya gaji fuska ba, daga abokin hamayyarsa mai garin alkama, wato Pierrot, ya gada.

Turai ta kuɓuta daga wannan laifi ke nan?

Labarin Chocolat ya isa amsa. Sunansa Rafael, an haife shi a Kyuba a shekarun 1860 lokacin da bauta ba ta ƙare a tsibirin ba, aka kai shi Sifen yana yaro a matsayin bara, ya gudu, wani wawan fage Baturen Ingila ya tsince shi a Bilbao ya kai shi Faris. Daga tsakiyar shekarun 1890 ya haɗu da George Foottit, suka zama taurarin birnin. Foottit ne mai farar fuska, mai ba da umarni, Chocolat kuwa shi ne sakaran da ake mari, kuma ba ya bukatar shafa komai, domin fatarsa ce kwalliyar. Mai zane Toulouse-Lautrec ya zana shi, 'yan'uwan Lumière suka ɗauke su a fim, kamfanoni suka yi talla da fuskarsa.

Muhimmancin wannan shi ne su biyun suna cikin waɗanda suka kafa tsarin da sarkus na Turai ya bi daga baya, na farin wawa mai iko da Auguste mai shan duka. A daidai lokacin da Faransa take mamaye Afirka ta Yamma, mutanen Faris suna biyan kuɗi kowane dare su ga fari yana marin baƙi su yi dariya. Rafael gwani ne na gaske a rawa da motsin jiki, kuma yana cikin na farko da suka riƙa zuwa asibitocin yara suna yi musu wasa. Ya mutu cikin talauci a Bordeaux a 1917, aka binne shi a ɓangaren matalauta. Masanin tarihi Gérard Noiriel ne ya tono labarinsa, aka yi fim a kansa a 2016 inda Omar Sy ya fito a matsayinsa.

Safar hannu da gashin buzu-buzu fa?

Farar safar hannu tana da hanyoyi biyu. 'Yan wasan shafa baƙi suna sa ta, wani lokaci don kwaikwayon barorin gidan masu kuɗi, wani lokaci don gudun shafa wa hannu baƙi, amma masu wasan bebe na Turai su ma suna sa ta domin a ga motsin yatsu daga nesa. Inda gadon ya fito fili shi ne a zanen katun na Amurka, domin Mickey Mouse ya fara sa safar a 1929, kuma a wani fim na 1933 an nuna shi yana shafa baƙi da kansa. Gashi kuwa, Grimaldi tukkaye ya yi, wawaye da yawa na Turai kuma sanƙo suke yi da gashi a gefe. Hular gashi mai curi kamar ƙwallo mai launukan bakan gizo sabuwa ce, ta yaɗu ne a shekarun 1970, daidai lokacin da baƙaƙen Amurka suka mai da tara suma alamar alfahari da asalinsu. Ba abin mamaki ba ne idan baƙar fata ya ga an mai da irin gashinsa kayan ban dariya ya ji ba daɗi.

Gaskiya ne baƙaƙen fata su ma sun shafa baƙi?

Gaskiya ne, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi ɗaci a tarihin. Bayan yaƙin basasa ƙofar da ta fi buɗuwa ga baƙin ɗan wasa ita ce ta wannan sana'a, masu kallo kuwa ba su yarda cewa baƙi ne na gaske ba sai ya ƙara baƙi a kan nasa. Bert Williams, wanda aka haifa a tsibiran Bahamas a 1874, ya zama babban tauraro a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok, da baƙin toshiya a fuska da farar safar hannu, yana wasa a matsayin mutumin da sa'a ta guje wa. Fields ya ce bai taɓa ganin wanda ya fi shi ban dariya ba, bai kuma taɓa sanin wanda ya fi shi baƙin ciki ba. Wanda ya kalli hoton Williams ya kalli na Emmett Kelly zai ga dangantakar da idonsa. A fagen wasannin motsa jiki ma an sami ƙungiyar ƙwallon besbol ta baƙaƙen Amurka mai suna Indianapolis Clowns, wadda a farkonta 'yan wasa suke shafa fenti suna shaƙiyanci don jawo 'yan kallo, abin da marubuta baƙaƙe na lokacin suka yi tir da shi. A cikinta Hank Aaron ya yi wasa a 1952.

Wasan ya iso Afirka?

Ya iso, kuma ya ɗauki wata ma'ana. Ƙungiyoyin Amurka sun ziyarci Afirka ta Kudu tun shekarun 1860, kuma daga nan bukin birnin Cape na ranar 2 ga Janairu ya ari banjo da fentin fuska da laima, duk da cewa masu yinsa jikokin bayi ne. An daɗe ana kiran bukin da sunan zagi na Amurka kafin a sauya shi. A Gana, wani malamin makaranta da ake kira Teacher Yalley ya fara wasa da baƙar fuska da farin baki a Sekondi wajen 1918, Bob Johnson ya gaje shi, daga nan aka sami wasan kwaikwayon yawo da ake kira konsat fati, wanda wawansa har yau Bob ake ce masa. Masaniya Catherine Cole, wadda ta tattauna da tsofaffin 'yan wasan, ta nuna cewa su ba su ɗauki fentin a matsayin zagin kansu ba, sun gan shi ne a finafinan Al Jolson a matsayin kayan aikin mai ban dariya, suka haɗa shi da halin Ananse, gizon tatsuniyarsu.

Yaya mutum zai bambanta kwalliyar wawa da izgilin launin fata?

Tambayar da za a yi ita ce wa ake kwaikwaya. Farar fuskar Grimaldi ba ta wakiltar wata ƙabila, domin babu ɗan Adam mai irin wannan fari, kuma babu wata al'umma da aka hana wa makaranta ko ƙuri'a saboda ana ganin ta yi kama da shi. Baƙar fuska mai jan leɓe kuwa an yi ta ne musamman domin a ce ga yadda waɗannan mutane suke, kuma an yi amfani da ita wajen halatta yadda aka bi da su. Shi ya sa 'yar tsanar Golliwog, wadda ta fito a littafin yara a 1895, da Zwarte Piet, baran da ake shafa baƙi a kwaikwaya a bukin yara na ƙasar Holan, da shirin talabijin na BBC da ya ci gaba da shafa baƙi daga 1958 har 1978, duk suna gefe ɗaya ba tare da wata shakka ba. Shi ya sa kuma kamfanin Gucci ya janye wata baƙar rigar sanyi mai jan leɓe a 2019 ya nemi gafara. Mai jan hanci da ke hura balan-balan a bukin yara ba ya cikin wannan sahu. Amma idan aka haɗa duhun fuska da manyan leɓɓa da gashi mai curi a jiki ɗaya, kiran abin kwalliyar wawa ba ya wanke shi.

Akwai baƙaƙen fata a sana'ar a yau, kuma yaya suke yi da wannan tarihi?

Akwai, ko da yake an daɗe ana tsare su a gefe. A manyan sarkus na Amurka makaɗa baƙaƙe, irin su ƙungiyar P. G. Lowery, a ƙaramin tantin waje suke aiki, ba a babban fage ba. Sai a 1969 sarkus na Ringling ya ɗauki baƙin wawan fage na farko, Reggie Montgomery, wanda ya ƙi shafe fuskarsa da fari, ya ce fentin da aka halicce shi da shi ya ishe shi. A 1994 Cedric Walker ya kafa UniverSoul Circus a birnin Atlanta, sarkus mallakar baƙar fata mai kiɗa da salon unguwanninsu. A kudancin Los Angeles kuma, a farkon shekarun 1990, wani matashi mai suna Thomas Johnson ya ɗauki hular gashi mai launuka da farin fenti ya zama Tommy the Clown, yana zuwa bukukuwan yara yana rawa, yana tara matasa domin ya raba su da ƙungiyoyin daba. Daga cikin yaransa ne aka sami waɗanda suka ƙirƙiro rawar kramp, suka rage fentin ya koma zane-zane a rabin fuska, suka cire dariyar suka bar zafin.